Fatar bakin sanda: ka sauya da kanka ko ka kai wa mai gyara? Wasiƙa daga Ingila

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da su Inna da sauran 'yan gida baki ɗaya. Saƙonka ya same ni, na kuma duba hoton bakin sandarka ta buga sunuka da kyau. Fatar nan ta gama aikinta. Ta kwanta, gefenta ya baje kamar kan turken da aka daɗe ana duka, samanta ya yi sulɓi har yana ɗaukar ido. Ka ajiye sandar tukuna, kada ka ƙara buga wasa da ita a haka. Da zarar kaurin gefen fata ya sauka ƙasa da milimita ɗaya, duk bugun da ka yi zoben da ke ƙarƙashinta ne ke sha, kuma ranar da ta zame maka, bakin zoben zai iya karce ƙwallo ko ya yaga ƙyallen teburin mutane.

Ka tambaye ni wace fata ake ji da ita a nan, kuma shin mutanen nan da kansu suke sauyawa ko biya suke yi a yi musu. Amsar ba ta tsayuwa sai an san wace irin sanda ake magana a kai, domin a ƙasar nan wasan kashi uku ne, kowanne da sandarsa. Akwai sunuka ta ainihi, mai babban tebur na ƙafa 12, ƙwallayenta milimita 52.5, bakin sandarta galibi tsakanin milimita 9 da 10. Akwai pul na Ingila mai ƙwallaye ja da rawaya, wanda za ka tarar a mashayu da kulob-kulob na unguwa. Ƙwallayensa ƙanana ne, milimita 50.8, farar ƙwallon da ake dunguri da sanda ma ba ta kai su ba, don teburin da ake saka wa tsaba ya iya tantance ta ya maido da ita idan ta faɗa rami. Bakin sandarsa milimita 8 zuwa 9 ne. Sai pul na Amurka mai manyan ƙwallaye masu lamba, milimita 57, da sanda mai kaurin baki, 12 zuwa 13. Hukumar wasan ta duniya, WPA, ta hana bakin sanda ya wuce milimita 14, ta kuma ce dole ya zama fata ko wani abu makamancinta da ba zai ji wa ƙwallo ciwo ba.

Sandar sunuka da ta pul na Ingila yawanci itacen ash ne, zobenta tagulla. Ta Amurka itacen mefil ce, zobenta fari, na roba mai tauri ko danginta. Ka riƙe maganar zoben nan, a kanta shawarata za ta tsaya.

Kada ka raina 'yar fatar nan don ƙanƙantarta. A duk tsawon sandar ita kaɗai ce ke taɓa ƙwallo, kuma taɓin bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na sakan ba. A ɗan lokacin nan ne take kama jikin farar ƙwallo ta murɗa ta. Kafin a san da ita, da itace tsirara ake dungurar ƙwallo, mutum bai isa ya kauce wa tsakiya ba sai sanda ta goce. Ana danganta fara sa fata mai zagayayyen kai ga wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, wanda ya yi zaman kurkuku a Faris ya samu damar nazarin wasan a can, wajen shekarar 1807. Da fatar ne aka ga fara ta daki wata ƙwallo ta juyo da baya, abin da mutanen lokacin suka riƙa mamaki. Allin ma da muke gogawa ba allin rubutu ba ne. A 1897 wani ɗan wasa, William Spinks, da masanin haɗa sinadarai, William Hoskins, suka yi rajistar haɗin garin yashi mai laushi da wani dutse mai kaifi, kuma a kan wannan hanya ake tafiya har yau. Aikin fata shi ne ta riƙe garin nan, shi kuma garin ya ciji ƙwallo. Fatar da ta yi sulɓi ba ta riƙe komai, ko sau goma ka goga mata alli. Mai lafiya kuwa za ta ba ka damar kauce wa tsakiyar fara har kusan rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da gefe, daga nan ne kowace fata, komai tsadarta, take zamewa.

Ta fannin kaya, gaskiya a nan an huta. Kana zaune za ka zaɓa a intanet, a jefo maka cikin ambulan. Wahalar ita ce yawan zaɓin.

Kashi na farko su ne masu falle ɗaya, wato guntun fata guda da aka jeme aka matse. Kamfanin Tweeten na birnin Shikago ne uban tafiya a nan. Shi ke yin Elk Master, mai laushi, shuɗi-shuɗi, wadda 'yan sunuka suka daɗe suna amfani da ita, da Le Pro mai ɗan tauri da ake samu a kan sandunan Amurka da yawa tun daga masana'anta, da Triangle wadda ta fi ta kaushi. Shi ne kuma ke yin allin Master da allin Triangle. Akwai Blue Diamond ta kamfanin Brunswick, ita ma tsofaffin 'yan sunuka na yabonta. Waɗannan duk masu araha ne, ana sayar da su ɗai-ɗai ko kwali mai guda 50. Aibinsu ɗaya, ba su da tabbas. Fatar dabba ba ta zama iri ɗaya daga wuya zuwa gadon baya, saboda haka a kwali guda za ka samu mai kyau, ka samu wadda za ta baje cikin 'yan kwanaki. Na ga masu wasa suna zube su a tebur suna latsawa da farce ɗaya bayan ɗaya kafin su zaɓa. Wasu suna matse su a mamatsin ƙarfe su kwana kafin a sa, wasu a Amurka har jiƙa Elk Master suke a madara sannan su matse ta, don ta yi tauri ta daina bajewa.

Kashi na biyu masu hawa-hawa ne, siraran fatu da aka jera aka manne, falle takwas ko goma ko kusa da haka. Daga Japan abin ya yi ƙarfi, Moori ce ta fara yin suna, Kamui ta biyo baya, yanzu kamfanoni da yawa suna yi. Suna zuwa da alamar mai laushi, matsakaiciya ko mai tauri, kuma abin da aka rubuta shi za ka samu. Sun fi riƙe siffarsu, ba sa saurin bajewa. Amma kuɗin guda ɗaya ya isa ka sayi masu falle ɗaya da yawa, kuma ba sa haƙuri da mugun hannu. Reza marar kaifi, ko yawan tsira su da abin kartawa, sai hawan ya fara rabuwa. Saboda tsadarsu kuma jabunsu ya yi yawa a kasuwannin intanet. In ka ga mai suna ana bayar da ita a kuɗin banza, ka tuna araha ba ta ado, ka nemi dillalin da kamfanin ya amince da shi.

Akwai abin da mai shago a nan ba zai ambata maka ba, don a wurinsa ba abin ambato ba ne. Yawancin masu hawa-hawan nan, har da Moori da Kamui, da fatar alade ake yin su. Na san ka da kula da irin wannan, ga shi bakin sanda abu ne da hannu ke yawan taɓawa, wasu ma da yawu suke goge gefensa. Hukuncin fatar da aka jeme magana ce ta malamai, su za ka tambaya. Nawa shi ne in sanar da kai, in kuma gaya maka akwai masu hawa na fatar ɓaunar Asiya, kamar Talisman WB. Kafin ka biya kuɗin kowace iri, ka karanta da me aka yi ta.

Sauran biyun ba sai na daɗe a kansu ba. Akwai masu taurin gaske, na wani haɗin roba, da ake sa wa sandar bugun farko na watsa ƙwallaye. Ba na wasan yau da kullum ba ne, kuma sa su aikin inji ne. Akwai kuma masu hula da ake cusawa a bakin sanda, da masu kusa da ake murɗawa, irin na sandunan haya da ke jingine a bango. Don sandar da kowa ke ɗauka aka yi su. Kada ka sa wa taka.

Yanzu maganar aikin. Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne kaya na da sauƙi, hannun mutum ne ke da tsada. Tun 1999 doka ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a biya ma'aikaci a kowace awa, ga hayar shago, ga haraji. Don haka aikin da bai wuce rabin awa ba, kuɗinsa ya kan ninka na fatar mai falle ɗaya sau da yawa. Tsadar ma ba ita ce babbar matsala ba, samun mai yin ne. Akwai maƙera sanda na gaske, irin John Parris a Landan, wanda manyan 'yan sunuka ke riƙe da sandunansa, da tsohon kamfanin Peradon a Libaful, amma shagon gyaran sanda ba a kowane gari yake ba. Wanda ba shi da shi kusa, sai ya naɗe sandarsa ya aika ta gidan waya, ya biya zuwa ya biya dawowa, ya zauna kwanaki babu abin wasa, zuciyarsa na kan ko za ta iso a miƙe.

Wannan ne ya sa a kulob ɗin sunuka na nan da wuya ka ga wanda ya daɗe yana wasa bai iya sa wa kansa fata ba. Cikin akwatin sandarsa akwai reza, da samfefa, da 'yar kwalbar gam, da fatu biyu-uku na ko-ta-kwana. Wanda bai iya ba kuwa, kusan kowane kulob akwai wani dattijo da aka sani da aikin. A kan kujera zai yi maka, da hannu, ka ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. Wasunsu hannunsu ya faɗa ƙwarai, sun fi wasu masu shago.

Masu pul na Amurka al'adarsu daban ce. A can mai gyaran sanda da injinsa yake aiki, injin da ke riƙe sanda yana juya ta da gudu, shi kuma yana kusanto da wuƙa a hankali. A manyan gasannin da ake yi a Las Vegas, masu gyara rumfuna suke kafawa a gefen zauren wasa, ka miƙa sanda ka je ka dawo ka tarar an gama. 'Yan wasan irin wannan pul ɗin a nan Ingila su ma sun fi neman mai inji. Ba lalaci ba ne, kuma ba wai sun fi kuɗi ba. Zoben ne ya raba su.

Zoben tagulla yana da haƙuri. In reza ta goge shi, ɗan karce ne, ka bi shi da lallausar samfefa ko soson ƙarfe mai laushi ya koma yana ƙyalli. Bakin sandar kuma siriri ne, fatar da za a yanke kaɗan ce, yawanci mai laushi. Farin zoben Amurka ba haka yake ba. Reza na shigarsa ta bar tabo, samfefa na cinye shi har ya zama siriri ta sama, ƙurar alli ta shige cikin karcen ta zauna shuɗiya har abada. Sandunan zamani da aka rage wa nauyin gaba don kada su ture fara gefe sun fi haka laushi, domin gabansu rami ne a ciki, zobensu gajere mai siririn bango. Sai kuma baƙaƙen nan na zaren kabon, da suka bazu bayan kamfanin Predator ya fito da Revo a 2016. Abin da ke tsakanin fata da jikin sandar ɗan faifai ne siriri. Ka yanke shi bisa kuskure, ka taɓa abin da kuɗinsa ya fi na fatu ɗari, kuma kamfanoni ba sa ɗaukar nauyin ɓarnar da mai kaya ya yi da hannunsa. A nan ne garin neman gira ake rasa ido.

Saboda haka idan ka kai wa ƙwararre, ba kuɗin liƙa fata kake biya ba, don liƙawa kowa zai iya. Kana biyan abu uku ne da hannu ke wahalar yi daidai. Zai share fuskar zoben ta kwanta sumul ba karkata, zai aske gefen fatar ya yi daidai da zoben ba tare da ya taɓa shi ba, zai kuma duba abin da kai ba za ka lura da shi ba, kamar tsagar da ta fara a jikin zobe, ko zoben da ya saki yana ɗan motsi. Zoben da ya saki yana da wata ƙara, ƙas-ƙas, in an yi bugu, mutane da yawa suna ɗora laifin a kan fata su yi ta sauyawa a banza.

Ga yadda na yanke wa kaina, kuma shi nake ba ka. Sanda mai zoben tagulla da fata mai falle ɗaya, ka koya ka riƙa yi da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Sanda mai farin zobe da ba ta da tsada, kana iya yi in kana da natsuwa. Sanda mai tsada, ko ta kabon, ko mai ramin gaba, ko zobe ya tsage, ko za ka sa mai hawa-hawa da ka kashe wa kuɗi, ka nemi mai inji ko da za ka yi tafiya. In ka samu mai gyaran, ka roƙe shi ya bar ka ka tsaya ka kalla, gani ya kori ji. Ka ce ya nuna maka fatar kafin ya sa, ka faɗa masa tsayin da kake so a bar mata da irin zagayen kanta. Ka kuma ja masa kunne kada ya bi jikin sandar da samfefa da sunan tsaftacewa. Wasu suna yi don ta fito fes a ido, amma kowane gugan yana rage mata kauri, kuma itacen da aka goge ba ya dawowa. Wanda ya ɓata rai don ka faɗi haka, ka ɗauki sandarka.

Ga yadda ake yin aikin da hannu. Ka tanadi sabuwar reza mai kaifi, ko wuƙar yankan kwali da sabon baki, da samfefa mai ɗan kaushi da mai laushi, da salatif na takarda, da katako mai sumul, da sufagulu mai kauri, ba mai ruwa-ruwa ba. Fatar kuma ta ɗan fi zoben faɗi. In zobenka milimita 9 ne ka sayi 10, in 12.5 ne ka sayi 13 ko 14. Wanda ya sayi daidai-wa-daida zai sha wahalar daidaita tsakiya, gam kuwa ba ya jira.

Ka fara da naɗe zoben da salatif har zuwa bakinsa. Ka yanke tsohuwar fatar kaɗan sama da zoben, sannan ka kwantar da reza ka kankare ragowar fata da tsohon gam a hankali. Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane suke gaggawa. Fuskar zoben dole ta zama shimfiɗaɗɗiya, tsaf, ba tudu ba kwari. Kada ka riƙe samfefa a yatsa ka yi ta murzawa, gefen zai zagaye, fatar ta zauna a kan tsakiya kaɗai, wata rana ana tsakiyar wasa ta tashi sama. Ka ɗora samfefar a kan abu mai tauri, ka riƙa juya sandar kana gogawa kaɗan-kaɗan. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Ka ɗora fatar ba gam, ka ɗaga sandar wajen haske. In kana hango haske ta tsakaninsu, da sauran aiki.

Bayan fatar ma, wato gefen da za a manne, ka goga shi a kan samfefar da ke shimfiɗe a tebur har sheƙinsa ya tafi, ka hure ƙurar, kada ka sake taɓa wurin da yatsa don maiƙon hannu na hana gam kamawa. Ɗigo ɗaya ya isa, ka baza shi ya rufe ko'ina. Dalilin da na ce mai kauri shi ne fata na shanye mai ruwa kafin ya kama, a bar ka da busasshen haɗi. Ka ɗora, ka duba ta fito daidai ta kowane gefe, ka danna da ƙarfi na minti ɗaya, ka goge wanda ya tsatso nan take. Sufagulu da damshin iska yake daskarewa, don haka in iska ta bushe sosai ka ƙara masa lokaci. Ko yaya dai, kada ka kusanto da reza sai bayan minti goma sha biyar ko fiye. Gam ɗin da aka daɗe da buɗewa kuma ƙarfinsa ya ragu, ka sayi sabo.

Wajen askewa, ka kifa sandar, fatar na kan katako, gindin na sama. Ka jingina rezar da jikin zoben ka yanka ƙasa, siriri-siriri, kana juya sandar. Kada ka yi ƙoƙarin cire babban yanki a lokaci guda, kuma kada bakin rezar ya karkata ciki, in ba haka ba za ka ci ƙasan fatar ta zama mai ƙugu. Yatsunka su kasance sama da reza kullum. Idan gefe ya daidaita, sai kai. Ka lanƙwasa samfefa, ko ka sami magagarin da aka yi don haka, ka riƙa shafawa daga tsakiya zuwa gefe, ƙasa kawai. Shafawa sama na ɗaga zaren fatar, a mai hawa-hawa kuma yana ɓamɓare hawan. Amurkawa da tsabar kuɗinsu suke auna zagayen: ko ya bi gefen sulen senti 5, mai faɗin milimita 21, ko na senti 10, mai kusan 18. Na biyun ya fi tsini, ya fi dacewa da siririn baki da mai son murɗa fara. Na farkon ya fi yafiya ga wanda hannunsa bai gama zama ba.

Abu na ƙarshe shi ne dafe gefen. Ka ɗan jiƙa yatsa da ruwa ka shafa gefen fatar kaɗai, ban da samanta, sannan ka naɗe ta da guntun fata ko takarda mai kauri ka murza da sauri har ka ji ɗumi. Gefen zai yi duhu ya yi tauri, shi ke hana ta bajewa. Mutane da yawa suna tsallake wannan, bayan mako guda su ce fatar ba ta da kyau.

Ka sayi fatu masu araha guda biyar ko shida, ka sami tsohuwar sandar da ba a damu da ita ba, ka yi ta gwadawa a kanta kafin ka taɓa taka. Ko duka ka lalata, asarar ba ta kai kuɗin zuwa wurin mai gyara sau ɗaya ba, hannunka kuma ya koyi abin da zai yi maka amfani muddin kana wasan.

Ko wa ya sa maka, sabuwar fata ba ta zama taka a rana ɗaya. Tana buƙatar bugu kafin ta zauna, mai laushi za ta ɗan baje a kwanakin farko ka sake aske ta ka dafe, sautinta da yadda take tura fara duk za su sauya kaɗan. Shi ya sa ba a sauya fata ana gobe gasa, kuma shi ya sa manyan 'yan wasa suke tsoron ta ba su matsala a tsakiyar wasa. A 2006, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar sunuka ta duniya a zauren Crucible na Sheffield, fatar sandar Ronnie O'Sullivan ta fita, aka dakatar da wasa aka gyara, ƙarshe Graeme Dott ya cinye shi 17 da 11. A 2017 kuma, a gasar Masters a Landan, fatar sandarsa ta tsage yana karawa da Marco Fu, aka sa masa sabuwa nan take, ya dawo ya ci 6 da 4, ya je ya ɗauki kofin. Mutum ɗaya, matsala iri ɗaya, sakamako biyu. Ba zan ce fata ce ta kayar da shi a na farko ko ta ba shi nasara a na biyu ba, amma duk wanda ya kalli wasannin ya ga yadda ɗan guntun fata ya tsayar da zaure guda cik.

In ka sa sabuwar, ka kula da ita. Alli shafa shi ake yi a hankali, ba a huda shi da bakin sanda ana murzawa, wannan na cinye gefen fata ya kuma ɓata zobe. Kada ka bar sanda cikin mota a rana ko jingine a bango mai damshi, zafi na busar da fata ya raunana gam, damshi na kumbura ta, itacen ma ya lanƙwashe. In samanta ya fara sulɓi, ɗan taɓi da samfefa ya wadatar. Yawan kartawa ya fi yawan wasa cinye fata.

A hoton da ka turo, zoben naka ya yi mini kama da tagulla, amma hasken bai nuna sosai ba. Ka cire ragowar allin, ka sake ɗauko shi ta gefe da ta sama a wuri mai haske, ka kuma auna faɗinsa da ma'aunin da ke nuna milimita, ba da ido ba. Ka duba ko akwai siririn layi a jikinsa, ka kama shi ka ɗan murɗa ka ji ko yana motsi. In lafiyarsa ƙalau, zan haɗo maka Elk Master da Le Pro da suka dace da bakinsa ka gwada duka biyun, da magagari ɗaya. In kuwa ya tsage ko ya saki, kada ka sa masa komai sai an sauya zoben tukuna.

Ka gaishe mini da su Inna da kyau.

Yayanka.